Tambaya da Amsa: Fitilar Bayan Keke a Titunan Legas

Uku daga cikin wasiƙun da suka iso wannan fili daga Legas sun haɗu a kan magana ɗaya, wato fitilar da ake ɗaura wa keke a baya, saboda haka muka ga ya dace mu amsa su tare a wannan fitowa. Mun taƙaita wasiƙun, mun kuma sakaya sunayen masu su kamar yadda muka saba.

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni mazaunin Agege ne, ina aikin gadi a wani gida a Ikeja. Tun da gwamnatin jiha ta hana acaɓa a Ikeja a 2022, daga baya kuma kuɗin mota ya yi tashin gwauron zabi bayan cire tallafin fetur, na sayi keke na hannu ina zuwa aiki da shi. Ina fita daga gida bayan sallar magariba, in kamo hanyar dawowa bayan asuba, ka ga ke nan duk tafiyata a cikin duhu take. Na taɓa sayen wata ƙaramar fitila ja a hannun masu talla a cikin cunkoson motoci, an rubuta lumen 1000 a jikin kwalinta, amma ruwan sama na farko da ya dake ta ya kashe ta. Tun kafin ta mutu ma, wani direban danfo, wato bas ɗin haya ta Legas, ya taɓa tsayawa yana yi mini faɗa, ya ce bai gan ni ba sai da ya kusa hawa kaina, alhali kuwa a kunne take. Wace irin fitila ya kamata in saya, kuma a ina zan ɗaura ta?

AMSA: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah ya ƙara tsarewa, Malam. Direban nan, ko da cikin faɗa ya yi maganarsa, ya gaya maka abin da ya kamata mu fara da shi, domin amfanin fitilar baya gaba ɗaya shi ne ta ba wanda ke bayanka lokaci. Motar da ke gudun kilomita 60 a awa tana cin kusan mita 17 a kowace daƙiƙa, idan kuwa ta kai kilomita 80 tana cin mita 22, sannan direba yana ɓata daƙiƙa ɗaya zuwa biyu tsakanin ganin abu da taka birki. Wanda ya fara ganinka daga mita 30 ba shi da abin yi sai salati, amma wanda ya hango ka daga mita 150, idan kilomita 60 yake gudu, yana da daƙiƙa tara ko fiye da zai rage gudu ya kauce maka cikin natsuwa. A hanya irin ta Pen Cinema zuwa Ikeja kuwa, inda jajayen fitilun motoci da ƙwayayen shaguna da na masu sayar da abinci a bakin titi suka cika idon direba, ga gilashin motarsa da ƙura ko ruwa, ɗan jan ɗigo mai rauni yakan ɓace a cikin sauran hasken kamar babu shi. A ƙara da cewa a Legas rana tana faɗuwa tsakanin shida da rabi da bakwai duk shekara, kuma duhu ba ya jinkiri bayanta, cikin minti ashirin da 'yan kai ya rufe gari, wato daidai lokacin da kake fitowa.

Lambar da ka gani a jikin kwalin ba gaskiya ba ce, kuma lissafi kaɗan zai nuna haka. Lumen ma'auni ne na jimillar hasken da fitila ke fitarwa, kuma kafin ƙwan LED ja ya ba da lumen 1000 sai ya ci wutar da ta kai wat 10 ko fiye. Batirin da ke cikin irin waɗannan ƙananan fitilu yawanci bai wuce mAh 500 ba (mAh ma'auni ne na yawan cajin da batir ke ɗauka), wanda ƙarfin da ya tara bai kai ya riƙe wat 2 na awa ɗaya ba, saboda haka da a ce maganar kwalin gaskiya ce, da batirin ya ƙare cikin kimanin minti goma, robar jikinta kuma ta yi zafin da ba za ta taɓu ba. Fitilun baya na kamfanonin da ke faɗin gaskiya galibi suna tsakanin lumen 20 da 100 ne, 'yan kaɗan suke haura haka, su ma don amfanin rana aka yi su. Ga mai tafiyar dare a cikin gari irinka, lumen 30 zuwa 50 na gaskiya sun wadatar, kuma ni a ganina kwalin da ya rubuta 50 ya fi cancantar a yarda da shi a kan wanda ya rubuta 1000, musamman idan ya bayyana awa nawa fitilar ke yi a kowane mataki na haske.

Abin da ya fi lambar muhimmanci shi ne yadda hasken yake bazuwa. Akwai fitilar da aka yi wa gilashi mai tattara haske wuri ɗaya, wadda idan ka tsaya daidai bayanta za ta kashe maka ido, amma da ka gusa taku biyu gefe sai ka ga ta dushe. Akwai kuma mai dogon layin ƙananan ƙwayaye a jere, wadda haskenta bai kai na farkon nisa ba, amma ana ganinta daga kusan kowane ɓangare. Ta farkon ta fi dacewa da doguwar hanya miƙaƙƙiya, ta biyun kuwa ita ce ta cikin gari, inda mota ke ɓullo maka daga lungu, a mahaɗa, ko a shataletale. Mafi kyau ita ce wadda ta haɗa biyun, wato ƙwai mai ƙarfi a tsakiya da kuma gefuna masu fitar da haske. Kada ka saya sai mai shago ya kunna maka. Ka ba shi ya riƙe, ka ja baya iyakar yadda wurin ya ba da dama, sannan ka zagaya ta gefenta har ka zo daidai kafaɗarta, ka ga ko har yanzu kana ganin ja. Idan da rana ne kuma ka iya ganinta sosai daga nesa a cikin hasken rana, to da dare ba za ta ba ka kunya ba.

Sai maganar ruwa, wadda ita ce ta kashe fitilar da ka saya a baya. A jikin kwali ko a bayan fitila za ka ga an rubuta IPX da lamba a gabansa. IPX4 yana nufin tana jure yayyafi da fantsamar ruwa, IPX5 da IPX6 suna jure ruwan da aka feso da ƙarfi, IPX7 kuwa tana jure nutsewa a ruwa mai zurfin mita ɗaya har tsawon minti 30. Daminar Legas, wadda ke kankama daga Afrilu zuwa Yuli ta sake dawowa a Satumba da Oktoba, ta fi ƙarfin IPX4, kuma ruwan da ke saukowa daga sama ma ba shi ne babban abokin gaba ba. Tayar baya tana ɗebo ruwan titi haɗe da yashi da taɓo tana watsa shi kai tsaye a ƙarƙashin sirdi, daidai inda fitilar take, kuma tana yin haka tun daga fitowarka har isarka. Saboda haka ka nemi IPX5 zuwa sama, kuma idan kekenka ba shi da murfin taya na baya, ka sa masa, domin zai tsawaita ran fitilar ya kuma raba bayan rigarka da taɓo. Tun da yake wanda ya yi ƙarya a lumen zai iya yin ta a nan ma, ka duba da idonka ɗan marfin robar da ke toshe ramin caji. Mai kyau yana da kauri, yana shiga da ɗan ƙarfi, kuma ba ya buɗewa don ka girgiza fitilar. Wanda ke lilo tun yana sabo, ta nan ruwa zai shiga. Masu zama kusa da teku, kamar Apapa da Obalende, suna da ƙarin matsalar iska mai gishiri da ke sa ƙarfe tsatsa da wuri, don haka bayan an sha ruwa a hanya yana da kyau a goge fitilar, a buɗe marfin a bar ramin ya bushe sarai kafin a sa ta a caji.

Game da wuta, zaɓinka na farko shi ne mai caji da wayar USB, kuma idan ka sami mai ramin USB-C ya fi, tun da cazar yawancin wayoyin yanzu za ta yi mata. Kai da kake kwana a wurin aiki kana da sauƙi, domin za ka iya sa ta a caji da isarka, ka cire kafin asuba. Ka nemi wadda ke yin aƙalla awa huɗu a matakin hasken da za ka riƙa amfani da shi, ba a mataki mafi rauni ba, domin masu kwali sun fi son rubuta awannin mataki mafi rauni da manyan baƙaƙe. Ka kuma nemi mai ɗan haske da ke nuna caji ya kusa ƙarewa. Mai amfani da batir AAA ba abin rainawa ba ce a garin da wutar lantarki ba ta da tabbas, tun da kowane mai tireda yana sayar da batir, sai dai tana da hali guda mai haɗari: haskenta yana raguwa a hankali, har ta kai tana ci amma ba ta da amfani, mai keke kuwa yana ganin ja yana zaton komai lafiya. Batir mai araha kuma yakan zubar da ruwa ya cinye ƙarafan ciki. Masu ɗan batir mai kama da kwabo, irin na agogo, ba su isa su zama fitilar da za ka dogara da ita a babban titi ba. Kowace iri ka zaɓa, ka tuna cewa fitilar gaba idan ta mutu nan take za ka sani, ta baya kuwa sai ta mutu ka yi tafiyar rabin awa ba ka da labari. Wannan ne dalilin da ya sa nake ba duk mai tafiyar dare kullum shawarar ya ɗaura guda biyu, ko da ta biyun ƙarama ce, kuma kada ya cire danjar da keken ya zo da ita, domin ita ba ta buƙatar batir, hasken motar da ke bayanka take mayar wa direba.

Yanzu sai ɗaurawa, kuma ina kyautata zaton a nan ne matsalarka da direban danfo ta samo asali. Ƙarfen da ke riƙe da sirdi ba a miƙe yake ba, ya kwanta baya da kimanin digiri 17 a yawancin kekuna, a tsofaffin kekuna masu kariya ma ya fi haka kwanciya. Idan ka manna fitila a jikinsa yadda ta zo, fuskarta ƙasa take kallo, kuma fitilar da ke tsayin santimita 85 daga ƙasa, tsakiyar haskenta zai sauka a kan kwalta kimanin mita uku bayan keken. Kai idan ka waiwaya za ka ga titi ya yi ja ka ji daɗi, direban da ke nesa kuwa ragowar hasken kawai yake samu. Fitilu masu kyau suna zuwa da mariƙi mai lanƙwasuwa, ko wata roba mai kauri a gefe ɗaya da ke gyara wannan karkata. Idan taka ba ta da su, ka yanko tsohon tub na taya, ka ninka shi biyu ko uku, ka cusa a ƙarƙashin gindin fitilar, tsakaninta da ƙarfen, har fuskarta ta miƙe tana kallon baya sak. Hanyar tabbatarwa mai sauƙi ce. Da dare ka tsayar da keken a miƙe a wurin da babu tudu babu gangare, bayansa yana fuskantar bango daga nisan taku uku ko huɗu, ka auna tsayin fitilar da sanda, ka je jikin bangon da sandar. Inda hasken ya fi ƙarfi ya kamata ya faɗi daidai kan sandar, ba a gindin bango ba.

Bayan an gyara karkata, sai a duba abin da ke rufe ta. Mu mutane ne masu doguwar riga, kuma bayan kaftani ko jallabiya, balle rigar ruwa, yakan sauko ya lulluɓe duk abin da ke ƙarƙashin sirdi da zarar mutum ya zauna, abin da ba za ka taɓa lura da shi ba idan a tsaye kake duba keken. Haka jakar goyo mai dogon gindi, da ledar abinci da aka rataya a sirdi. Idan sirdinka a ƙasa yake sosai, tayar baya da murfinta ma suna iya kare fitilar daga idon mai ƙaramar mota. Mafita ita ce ka tattare rigar ka zauna a kanta, ko ka mayar da fitilar can ƙarshen kariya inda riga ba ta kaiwa. Fitila ta biyun kuma ka ɗaura ta a ɗaya daga cikin siraran ƙarafan nan biyu da suka gangaro daga ƙarƙashin sirdi zuwa tsakiyar tayar baya, kuma na hagu za ka zaɓa, domin tun 1972 Nijeriya take tuƙi a hannun dama, mai keke yana gefen dama, motoci suna wuce shi ta hagunsa. A wannan ƙarfen karkatar ta juya, fitila sama take kallo, don haka a samanta za ka cusa robar. Ka ɗaure ta tamau yadda ba za ta juya ta shiga cikin taya ba idan ka faɗa rami. Maƙala fitila a jikin jaka ko hula ba laifi ba ne a matsayin ƙari, amma ba ta zama wuri ɗaya, duk sunkuyawar da ka yi sai ta canja inda take kallo.

Maɗaurin roba da yawancin fitilu ke zuwa da shi yana da sauƙin cirewa, wanda alheri ne idan za ka jingine keke a ƙofar masallaci ko a kasuwa, domin sai ka zare ta ka sa a aljihu, in ba haka ba wani ya zare maka. Aibinsa shi ne rana da zafi suna busar da roba ta tsattsage, wata rana ka iso gida ka tarar babu fitila babu labarinta. Ka riƙa ja kana duba shi, da ka ga ya fara tsagewa ka canja, kuma ka ƙara ɗan zare mai ƙarfi da zai riƙe ta a jikin sirdi ko da maɗaurin ya tsinke. Idan ka gama duk wannan, ka ba wani abokin aikinka keken ya hau da irin shigar da kake yi, ya yi gaba a layinku da dare, kai kuma ka tsaya ka ɗan rage tsawo zuwa daidai idon direban ƙaramar mota, ka bi shi da kallo har ya yi nisan taku ɗari biyu. Gani ya kori ji.

TAMBAYA: Malam, barka da aiki. Ni ɗan kasuwa ne a Mile 12, ina da tsohon baƙin keke mai kariya da nake kai wa masu abinci albasa da tattasai tun kafin gari ya waye. Idan na ɗora buhu ko kwando, sirdin ma ba a ganinsa daga baya, balle fitila. Wani mai gyaran keke ya ce in sa dinamo irin na da, in huta da caji. Me ka gani?

AMSA: Barka kadai, Alhaji, Allah ya ba da kasuwa. A kekenka babu wurin da ya dace da fitila sai ƙarshen kariya, a ƙasa da inda kaya ke zama, kuma a nan ba maɗaurin roba ake so ba, sai noti. Ana yin fitilu musamman don kariya, masu faɗi, da danja a haɗe a jikinsu, da kusoshi biyu a bayansu waɗanda tazararsu kan kasance milimita 50 ko 80. Idan kariyarka ba ta da ramuka, mai walda zai lanƙwasa maka ɗan ƙarfe ya liƙa a ƙarshenta ya huda shi daidai da fitilar, aikin da ba zai ɗauke shi lokaci ba. Ka ce masa ya shigar da ƙarfen ciki kaɗan, yadda bakin kariyar zai zama rumfa gare ta, domin in ta fito waje, ranar da ka jingina keke da bango ko wani mai baro ya goge ka a cikin kasuwa, ta fashe. Sannan duk sanda ka gama ɗaure kaya, ka zagaya baya ka tabbata bakin buhu ko igiya ba su sauko sun rufe ta ba, ka kuma share mata ƙura da taɓo da hannu, tun da a wannan wuri ta fi kusa da taya.

Shawarar mai gyaran keke tana da gaskiya a cikinta, amma da saura. Dinamon da ke gogar gefen taya yana ba da bolt 6 da wat 3, wanda ya ishi fitilar gaba da ta baya, kuma ba ya neman caji har abada. Sai dai yana sulɓewa idan taya ta jiƙe, yana rage haske idan kana tafiya a hankali da kaya masu nauyi, kuma da ka tsaya ya mutu. A hanyar Ikorodu da asuba, lokacin da ka tsaya a bakin titi kana jiran ka tsallaka, manyan motocin kaya suna shigowa kasuwa, shi ne lokacin da ka fi buƙatar a gan ka. Akwai fitilun dinamo na zamani masu ɗan ma'ajin wuta a ciki da ke ci gaba da ci na 'yan mintuna bayan an tsaya, idan ka samu irinsu to madalla. Idan ba ka samu ba, ka sa dinamon, amma ka haɗa shi da mai batir ko mai caji.

Akwai kuma abin da ya shafe ka fiye da mai tambaya ta farko, wato faɗin kayanka. Direban da ya ga jan ɗigo ɗaya yana auna faɗin keke ne kawai, ba ya sanin akwai kwando da ya fito rabin mita ta hagu. Ka sami sitika mai mayar da haske, irin wadda ake manna wa bayan tirela da tanka, ka manna a wani ɗan katako ko kwali mai ƙarfi, ka riƙa rataya shi a ƙarshen kayan ta hagu. Kada ka yarda ka ɗaura farar tocila tana kallon baya don ka ga tana da haske, domin a titi fari yana nufin abin da ke tahowa ne, ja kuma abin da ke tafiya gaba, kuma direban da ya ga fari a gabansa zai iya kaucewa ta inda bai kamata ba.

TAMBAYA: Malam, ina gaisuwa. Ɗana mai shekara goma sha huɗu yana zuwa makarantar dare da keke a nan Idi-Araba. Mun saya masa fitila, amma kullum a kan ƙiftawa mai sauri yake barinta, ya ce ta fi jan ido. Mahaifinsa kuma ya ce hasken tsaye ya fi. Wane ne mai gaskiya?

AMSA: Muna amsawa, Hajiya, Allah ya raya shi ya ba shi ilimi mai amfani. Kowannensu ya riƙe rabin gaskiya, kuma ƙasashen da suka daɗe da keke ma ba su haɗu a kan magana ɗaya ba. A Jamus doka ta hana fitilar baya mai ƙiftawa a jikin keke, a Birtaniya kuwa an halatta ta tun 2005, da sharaɗin kada ƙiftawar ta wuce sau huɗu a daƙiƙa. Haske mai ƙiftawa ya fi saurin jan ido, kamar yadda yaron ya faɗa, kuma ya fi tsimin batir. Amma ido yana wahalar auna nisan abin da ke bayyana yana ɓacewa, da kuma saurin tafiyarsa, ga shi a tsakanin ƙiftawa da ƙiftawa keken yana cikin duhu yana kuma ci gaba da motsi. Idan fitilar mai ƙarfi ce, ƙiftawa mai sauri da dare tana ɗauke ganin wanda ke biye da shi kusa, ko mai Keke Marwa ne ko wani mai keken, kuma babu ribar da aka ci idan an makantar da mutumin da ake so ya kauce.

Abin da nake ba da shawara shi ne a raba da lokaci. Da rana, da lokacin hadari ko ruwa, da kuma ɗan tsakanin nan na gab da magariba, ya bar ta a kan ƙiftawa, domin a lokacin hasken gari yana shanye hasken tsaye. Kunna fitila da rana ba ɓarnar batir ba ce: a wani gwaji da aka yi a birnin Odense na ƙasar Danmak da masu keke kusan 4,000, waɗanda aka sa wa fitilun da ke ci dare da rana sun sami raguwar haɗurran da ke jawo rauni da kashi 19 cikin ɗari idan aka kwatanta da sauran. Idan duhu ya yi sosai kuwa, maganar mahaifinsa ce za a bi. Fitilu da yawa suna da wani mataki na tsakiya, inda hasken ba ya ɗaukewa gaba ɗaya, sai dai ya riƙa ƙaruwa yana raguwa a hankali, kuma idan tasa tana da shi, wannan ya raba gardamar. Idan an ƙara masa ta biyu, babbar ta zauna a tsaye, ƙaramar ta riƙa ƙiftawa a hankali.

Tun da yaro ne, kekensa zai fi na manya gajarta, don haka a duba ko fitilar ba ta ɓuya a bayan taya ba, kuma a lura da jallabiyarsa da jakar littattafai, kamar yadda muka yi bayani a amsa ta farko. A kuma duba fedarsa ko ƙananan danjojin nan masu ruwan ɗorawa suna nan, in sun karye a sa wasu, ko a ɗaura masa ƙyalle mai mayar da haske a idon sawu. Binciken da aka yi a Ostireliya ya nuna cewa direbobi sun fi saurin gane mai keke da dare idan abin da ke ƙyalli yana jikin gwiwa da idon sawu, domin hawa da saukar ƙafa a kan feda motsi ne da ido ke shaida shi nan take a matsayin na mutum. Cajin fitilar kuma, Hajiya, kada a bar wa yaro shi kaɗai. A tsayar da ranaku biyu a mako da za a riƙa sa ta a wuta, kuma kafin ya fita wani babba ya tsaya a ƙofar gida ya ga ya kunna ta.